Ɗan Bayan da Babu Mai Yankewa

Ban taɓa son gudu ba. Tun muna buga ƙwallo a filin makarantar unguwarmu a Kano, baya nake zaɓa, don a ganina nan ne kaɗai mutum zai kama ƙugu ya tsaya a ce yana aiki. Na zo Guangzhou ta ƙasar China saro takalma, zama ya kama ni, na koma mai yi wa 'yan kasuwar gida sayayya da aika kaya, amma ƙwallon Lahadi ba ta sake ni ba. Mukan kama wani ɗan fili mai ciyawar roba a wajejen Baiyun, inda jirage ke wucewa ta kanmu, 'yan Najeriya gefe guda, 'yan Nijar gefe guda.

Shugaban 'yan Nijar ɗin abokina ne, mutumin Maraɗi, mai fataucin fitilun sola. Shi ya ja ni babban filin wasa na Tianhe wata rana da wani kulob ya zo daga Japan. Fili ya cika maƙil da 'yan gari, ihu kamar za a tsaga kunne. Ni kuwa idona ya faɗa kan wani ɗan baya na baƙin. Bawan Allahn nan ko kaɗan bai wahalar da kansa ba. Nuni kawai yake yi da hannu: kai matsa nan, kai koma can. Sai ka ga ƙwallo ta taho wurinsa kamar an aiko ta. Aka tashi wandonsa fes, ko ƙura babu.

Na zunguri abokina na ce, "Ka ga irin ƙwallon da nake bugawa ke nan, mutane ne ba su gane ba."

Ya dube ni, ya dubi tumbina, ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Daga ranar na ɗauki mutumin nan ɗan'uwa, shi bai ma san ina duniya ba. Da ya koma wani kulob a Turai aka riƙa ajiye shi a benci, ni na yi ta jin haushin kocin da ban san ko kamanninsa ba. Da ya samu shiga, na bi shi. Da aka kira shi tawagar ƙasarsa, na sayi shayi na raba wa duk wanda ke shagon da muke zama, har wani ya tambaye ni ko haihuwa aka yi mini. Ba sau ɗaya ba jirgin ƙarƙashin ƙasa ya wuce da ni tashata ina duƙe kan waya ina kallon yadda yake tsara abokan wasansa. Sunansa ma ban iya faɗa daidai ba, "mutumina" nake cewa, kowa kuma ya gane. Su kuma suka laƙaba mini Bajapane, na karɓa hannu bibbiyu.

A filin Lahadi na kwafi komai nasa. Na daina ɗan gudun da ya rage mini, na koma nuni. Abin mamaki kuma, sai abin ya yi aiki. Shekaru suka wuce ba wanda ya yanke ni. Ɗan gaban Nijar zai taho a guje, da ya iso gabana sai ya ja birki, ya miƙa wa wani ko ya juya baya. Nakan gaya wa samarinmu cewa ƙwallo a ka take, ba a ƙafa ba. Su ce, "Haka ne, Alhaji."

Babban wasanmu yakan zo ne lokacin baje kolin Pazhou, sa'ad da gari ke cika da 'yan kasuwa daga gida, kowa yana neman inda zai ji Hausa. A shekarar da nake ba da labari, kyaftin ɗinmu, wani matashi mai sayar da kayan waya, ya same ni ana saura kwanaki.

"Alhaji, ya gwiwar nan kuwa?"

"Ras take."

"Bayan fa? Na ga kamar kana dafawa."

"Ɗaurin wando nake gyarawa."

Ya sosa ƙeya ya ce, "To madalla." Na san inda ya dosa, na kuma san ba zai ƙarasa ba, don a wurinmu yaro ba ya buɗe baki ya ce wa babba ya fita. Na fake da wannan. Gaskiyar magana, tsoro nake ji. A garin nan ko'ina ni baƙo ne, a kasuwa, a jirgi, a ƙofar gidan da nake haya. A wannan filin ne kaɗai nake da wurin tsayuwa nawa na kaina, da jesi mai lamba biyar, kuma ban shirya rabuwa da su ba.

Ranar wasa, bayan la'asar, 'yan Nijar suka zo amma ɗan wasansu ɗaya bai samu zuwa ba, kayansa sun maƙale a wurin masu jigilar kaya. Sai abokina ya cike gurbin da ɗan Chinan da yake sarar fitilu a shagonsa, wanda muke kira loban, wato maigida. Sa'ana ne, ga sanƙo, ga tumbin da ya ɗara nawa, a bakin fili ma ya kashe sigarinsa. Na yi dariya a raina, na ce yau ko nunin ma ba sai na yi ba.

Ƙwallo ta fara zuwa ƙafarsa. Na gyara tsayuwa, na ɗaga hannu, ina jiran ya ja birki kamar yadda aka saba. Bai ja ba. Ya taho kai tsaye yana haki, ya zura ta tsakanin ƙafafuna, ya zagaye ni ya wuce. Na ce kuskure ne. Ya dawo ya maimaita. A karo na gaba na yi niyyar binsa, ƙafafuna suka harɗe, na zauna daɓas a ƙasa, ina kallo ya jefa ta raga. Filin cike yake da baƙi daga Kano da Maraɗi da Yamai, amma ba wanda ya yi dariya. Kowa ya sami abin kallo a sama ko a ƙasa. Da sun yi dariyar ma da ya fi mini sauƙi. Loban ne kaɗai ya dawo da fara'arsa ya miƙo mini hannu ya ɗaga ni.

Da aka tafi hutu na ja abokina gefe. Na ce, "Mutumin nan tsohon ɗan wasa ne ka ɓoye mana."

Ya ce, "Elhaji, wallahi balo ma bai iya ba." Ƙwallo yake nufi, da bakinsu na Nijar.

"To ya aka yi?"

Ya ce, "Yaranmu ne ba su iya yanke ka. Wa za shi yanke sa'an ubanai gaban mutane? Shi ko loban, na mance ban gaya mashi ba."

Na tsaya riƙe da gorar ruwa, kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Ashe duk shekarun nan ladabi ake yi mini, ni kuma ina koyar da darasi a kai.

'Yan watanni kafin wannan rana, mutumina ya sanar da barin tawagar ƙasarsa da bakinsa, tun ba a ce masa ya isa ba, na kuma ga yadda 'yan kallo suka yi ta roƙonsa. Na ce to, ko a nan ne bari in yi irin tasa. Na tara 'yan wasanmu, na gyara murya, na ce ina ganin lokaci ya yi da zan ba yara wuri. Na dakata, don in ba su damar cewa, "Haba Alhaji, wa zai riƙe mana baya?" Har na tanadi amsar da zan bayar kafin in yarda in ƙarasa wasan.

Baki ɗaya suka ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji!"

Kafin in rufe baki, kyaftin ya riga ya yafito wanda zai maye gurbina, shi kuma tuni ya ɗaure takalmansa. Jesi ba su wadace mu ba, don haka sai da na cire tawa na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu yana rusunawa, ya zura ta a guje ya shige fili. Ko jiƙewa da gumi ba ta yi ba.