Dogon Ido a Ɗakin Gwaggo Asabe

Alhamis: Tsafe zuwa Gusau

Ƙarfe biyar da kwata na tashi, na yi sallah, na cusa kuɗin adashina a cikin jaka, na leƙa ɗakin Baba na yi masa sallama. Ni malamar firamare ce a Tsafe, ɗaukar hoto kuwa sha'awa ce kawai, shekara uku ina yi da waya. Abin da ya tayar da ni saƙo ne daga Gwaggo Asabe, yayar Baba da ke Bungudu. Idonta ya yi rauni, ɗanta zai ɗauke ta ranar Asabar ta koma wurinsa, gwadon da ke kan masaƙarta kuma shi ne na ƙarshe. Matar da ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, sai ga shi ta aiko cewa in ina so in zo kafin a kwance itatuwan. Wayata ba ta gani a wuri mai duhu, don haka na yanke shawarar sayen kyamara.

Muna da zaure a waya, na masu sha'awar hoto a Zamfara, kuma can na kai tambayata. Na rubuta dalla-dalla: tsohuwa ce, saƙa take yi, a cikin ɗaki. Mutum biyu suka fara ba ni amsa, sai shugaban zauren, Alhaji Lawali, ya shigo da saƙon murya na minti shida. Ya ce masu koyo su yi shiru. Ya ce kyamara ba komai ba ce, idon gilashin da ake ɗaura mata a baki shi ne magana, kuma duk wanda bai riƙe dogon ido ba wasa yake yi. Ya ba ni sunan wani mai shago a Gusau, Murtala, ya ce in ce shi ya turo ni. Ba wanda ya ƙara cewa uffan. Ni ma na yi godiya har da addu'a.

Na isa tasha shida saura, amma direba ya ce ba mai taka hanyar nan sai gari ya waye sosai an ga motoci sun fara fitowa daga Gusau. Na sha koko da ƙosai a tsaye. Bakwai da minti ashirin muka tashi, mu shida a ƙaramar mota, naira dubu biyu kowa. Shinge huɗu muka wuce, ba wanda ya tsayar da mu fiye da minti biyu. Da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana, na ce a raina a dawowa zan ɗauke shi da sabuwar kyamara. Tara saura kwata muka shiga Gusau ta Damba, tafiyar kilomita hamsin da wani abu.

Shagon Murtala ɗan ƙarami ne, a bayan layin masu gyaran waya. Ina ambaton sunan Alhaji Lawali ya miƙe, ya goge mini kujera. Ya fito da kyamara ta hannu, mai kyau, ba ni da ƙorafi a kanta har yau. Sannan ya jawo wani abu daga ƙarƙashin tebur kamar ƙaramar taɓarya, ya murɗa shi a bakin kyamarar, ya fita da ni ƙofa ya ce in auna hasumiyar masallacin da ke can nesa. Na duba, sai ga tantabara a kan hasumiyar, har ƙafarta ina gani. Abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Duk da haka na faɗa masa cewa a ɗaki zan yi aiki, ko ba a samun ƙarami?

"Malama, wanda ya hango tantabara a hasumiya, tsohuwa a ɗaki za ta gagare shi?" in ji shi, yana dariya. "Ki bar wa masana zancen."

Na biya. Idon kaɗai ya fi kyamarar tsada, abin da ya rage mini bai wuce kuɗin mota ba. Na kwana a Tudun Wada gidan yayata, Yaya Rabi, muka ci tuwon dawa da miyar kuka, ta ɗaga jakar ta ce wannan ai sai an yi mata goyo.

Juma'a: Gusau zuwa Bungudu

Takwas daidai na hau bas ta hanyar Sakkwato, naira ɗari takwas. Kafin mu kai Furfuri aka tsayar da mu a shinge, wani jami'i ya ga jakar a cinyata ya ce in buɗe. Yana ganin dogon abin nan baƙi ya ja da baya, ya ce kowa ya sauka. Ban ga laifinsa ba. A hanyar da ake fama da masu kai wa ɓarayin daji rahoto, mace ta fito da abin hangen nesa, dole a tambaya. Na nuna katin aikina, na nuna saƙon Gwaggo, na kunna kyamarar suka ga ba komai a ciki. Minti arba'in muka yi a rana. Da muka koma mota, wani dattijo mai buhun gero ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, wata rana in zan ɗauko irin wannan kaya in ɗauki shatar mota. Kunya ta kama ni, na rungume jakata.

Goma saura muka sauka a Bungudu, kilomita ashirin da 'yan kai amma kamar na yi tafiyar yini. Gwaggo na zaune a gaban masaƙarta, itatuwa biyu a tsaye jingine da bango, farin zare a miƙe, saura kamar kamu ɗaya ta gama. Ta shafa fuskata da hannu, ta sa aka kawo mini hoce, wainar dawa irin ta nan, da fura, ta ce in yi abin da ya kawo ni, ita ba za ta tsaya jirana ba.

Na ɗaga kyamara na duba, ban ga komai ba sai wani dishi-dishi ruwan ƙasa. Ashe kunnenta ne. Na ja da baya har bayana ya bugi bango, kunnen dai. Ɗakin taku huɗu ne, idon kuwa ba ya kama abin da ke kusa. Na fita tsakar gida na auno ta ta ƙofa, sai duhu ya cinye ta, nauyinsa kuma ya hana ni riƙe shi daidai. Na ɗauka ya fi sau talatin, ba ɗaya da za a ce mutum ne. Ita kuwa tana ta wurga zare tana bugawa, gwadon na ƙara hawa. Na kira Alhaji Lawali sau uku bai ɗauka ba. A na huɗu ya turo saƙo cewa matsalar hannuna ce, in fito da tsohuwar waje, in tsaya daga nesa. In fito da ita waje, masaƙar fa? A kansa zan ɗora ta? Na zauna a bakin rijiya, hawaye na zubo mini don takaici.

Surukar Gwaggo ce ta ce in gwada Malam Garba mai hoto, kusa da kasuwa. Na hau kabu-kabu, minti biyar. Dattijo ne siriri, hotunan fasfo yake yi da na suna, tun ban shiga makaranta ba yake sana'ar. Ya saurare ni har na gama, ya karɓi idon ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu.

"Ɗiyata, wanga na masu ɗaukar tsuntsu ne da ƙwallo. Wanda ya ba ki shawara, ya tambaye ki mi za ki ɗauka, ina za ki tsaya, da hasken da ke wurin?"

Na ce ni na faɗa masa da kaina, bai saurara ba. Ya girgiza kai, ya kwance idon da ke kan tasa kyamarar, ɗan guntu kamar murfin kwalba, duk ya goge. Allah ya sa bakin kyamararsa ɗaya da na tawa. Ya ce in buɗe taga, in zauna a ƙasa ta gefen da haske ke faɗowa, kada in ce mata ta dube ni, in dawo masa da shi bayan la'asar. Ko sunana bai rubuta ba.

Ana kiran sallar Juma'a na koma. Na zauna a tabarma, na duba, sai ga Gwaggo gaba ɗayanta: goshinta, zaren, yatsunta masu kanta, hasken taga a kan farin gwado. Na yi ta ɗauka har ta kai zaren ƙarshe, ta sa wuƙa ta yanke, ta zauna da hannu a cinya. Wannan ma na ɗauka. Bayan la'asar na mayar wa Malam Garba idonsa, na dawo na kwana a ɗakinta.

Asabar: Bungudu, Gusau, gida

Bakwai da rabi aka fara kwance itatuwan, ban tsaya kallo ba. Tara na yi a shagon Murtala. Wannan karon ba a goge kujera ba. Na ajiye masa idon na ce bai yi mini aiki ba, ya karɓi kayansa ya ba ni kuɗina. Ya ce abin da ya fita shago ya fita. Na matsa, ya matsa, har bakinsa ya kuɓuce: ai kayan ma ba nasa ba ne, na Alhaji Lawali ne, wata biyar yana ajiye an rasa mai saye, kuma tun shekaranjiya ya tura masa kuɗinsa.

 Wato Alhaji Lawali ya karanta tambayata, ya san ɗaki ne, ya san tsohuwa ce, ya san rana ɗaya gare ni, ya rufe wa kowa baki don ya sauke kayansa a kaina. Da ya ce mini yana da abin sayarwa, da ciniki ne. Amma ya zo mini a matsayin malami.

Ban yi hayaniya ba. Na ja kujerar da kaina na zauna a bakin ƙofa. Wani mutum ya zo neman kyamara don ɗaukar ɗinkin da yake yi, Murtala ya fara yi masa zancen dogon ido, na gaishe shi na ba shi labarina tun daga Furfuri. Ya yi godiya ya tafi. Na biyu ma haka. Sha ɗaya da rabi Murtala ya shiga ciki ya fito da ɗan guntun ido irin na Malam Garba, ya dangwara a tebur, ya ce musaya kawai zai iya, ba ciko. Na san an cuce ni, na karɓa. Kafin in bar wurin na rubuta abin da ya faru a zaurenmu na waya, ban ƙara ban rage ba. Ina cikin mota aka cire ni daga zauren. Mutum biyar suka biyo ni da saƙo ta gefe, uku a cikinsu suna da irin nawa labarin.

Sha biyu da kwata muka bar Gusau, biyu saura muka shiga Tsafe. Na tarar da Baba a zaure kan buzunsa. Na durƙusa na miƙa masa kyamarar, na nuna masa inda zai danna. Ya yi ta wucewa a hankali har ya zo kan hoton da ta yanke zaren. Nan ya tsaya, ya kawo shi kusa da ido, ya daɗe yana kallonsa.

"Hannun Innarmu ne wannan," ya ce. "Haka take ajiye su in ta gama."

Ya ce in wanke masa shi babba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya a wannan hanya. Na gode wa Yaya Rabi da masauki, da surukar Gwaggo da ta nuna mini ƙofa. Malam Garba mai hoto kuwa, Allah ya saka masa da alheri, ya ƙara masa hasken ido.