Kawaicin da ya hana ni ganin ƙubba

Shekaru na kwashe ina nazarin wani tsohon masallacin 'yan Shi'a da ban taɓa taka ƙofarsa ba. An gina shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, girgizar ƙasa ta kayar da ƙubbarsa, ya daɗe a kango, daga baya aka sake tayar da shi. Daga ɗakina a Greenbelt, nan Amurka, na san shi kamar yunwar cikina. Na san inda tsohon jan tubali ya tsaya, sabo ya ɗora. Na san shuɗin tayil ɗin mihirabinsa, da rubutun da ya zagaye wuyan ƙubbar ɗauke da sunayen imamai goma sha biyu. Maginan yanzu sun tsinto gutsattsarinsa sun jera, inda ya ɓace suka bar gurbin fili, ba su ƙirƙiro ba. Duk a hoto na sani.

Ina koyar da tarihin gine-gine a jami'ar da ke College Park. Wata rana shugabar sashenmu, Ba'amurkiya, ta kira ni ofis ta ce ana son mutum ɗaya ya je ya yi wata guda a masallacin, ya auna, ya rubuto. Ko zan je?

Zuciyata har ta hau jirgi, amma bakina ya ce, "Ai akwai waɗanda suka fi ni cancanta." A gida haka muke yi: a yi maka tayi ka noƙe, a sake, a na uku ka karɓa da mutuncinka. Na gyara zama ina jiran tayi na biyu. Sai matar nan ta ɗauki biro, ta ce to wa nake ganin ya dace.

Na rasa mafita, na ambaci wani ɗan garinmu da bai daɗe da fara koyarwa a sashen ba. Ni na tarbo shi daga filin jirgi ranar da ya zo ƙasar nan, Yaya yake ce mini. Na tabbata zai ce ba zai shiga gabana ba, abin ya dawo hannuna. Bawan Allah nan ya ce ya gode, washegari ya fara neman biza.

Wata guda cur yana turo mini hotuna. Ga shi a ƙarƙashin bakan gizon ƙofa, ga tafinsa a kan tubalin da na rubuta shafuka a kansa. Nakan buɗe hoton ina neman inda ya yi kuskuren awo, ba na samu, sai in rubuta masa "Masha Allah" ina cizon yatsa. Hassada ce, ba na ɓoyewa. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na yi ta kai masa taki buhu-buhu.

Da ya dawo ya yi walima a gidansa a Annandale. Ya ba da labarin yadda murya ke zagayawa a ƙarƙashin ƙubbar ta dawo wa mai ita, abin da hoto bai taɓa gaya mini ba. Sannan ya nuna ni, ya ce Yaya ne ya bar masa gurbinsa. Dattawa suka yi ta sa mini albarka.

Bayan la'asar ya rako ni mota. Na ce, "Ka yi sa'a dai."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, tun a ranar na san kawaici ka yi. Na san jira kake in mayar maka."

Na ce, "To me ya hana?"

Ya ce, "Wallahi ni ma ina so ne, shi ya sa na faɗa. Ka yafe mini."