Simintin da Na Shafa wa Gidan Dabino

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka tura ni wani gidan gonar dabino a bayan Jidda ba. Lokacin siminti ya fara cika gari, ni kuma an yi mini mu'allim, wato shugaban magina. Kai ya kumbura, ba a magana.

Gidan hawa uku ne, wani attajiri ya gina shi da dutsen murjani da raƙuma suka ɗauko daga bakin teku. Bayan kowane jeri shida an ratsa katako don ya riƙe nauyi. Sama tagogin katako ne masu sassaƙa, inda iyalin maigida ke shan iska. Ƙasa kuwa ɗakuna ne marasa taga, makwancin bayin da ke ban ruwan dabino.

A ɗaya daga cikinsu Baba Idi yake, tsoho ɗan mutanenmu. Nan aka haife shi cikin bauta, da aka 'yanta shi bai san wani wuri ba, ya zauna yana gadi. Kowace shekara shi ke shafe bangon da nura, wato farar ƙasa.

Jikan attajirin ya ce a yi wa gidan filastar siminti. Baba Idi ya riƙe hannuna.

"Ɗana, dutsen nan numfashi yake yi. Ka toshe shi, gishiri zai cinye shi ta ciki."

Na yi dariya. "Halas, ya isa haka, Baba, zamanin nura ya wuce. Yalla, yara, maza ku kwaɓa siminti!"

Bayan shekara biyu aka sake kirana. Filasta ta kumbura, na ɗora guduma sai dutsen ya zubo kamar garin tuwo. Bangon arewa ya riga ya rufta. Jikan attajirin ya ce a rushe duka, kuma ni aka ba aikin.

Na tarar da Baba Idi ya ɗaure tabarmarsa da buta. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba dangi. Bai zage ni ba, da ma ya zaga.

"Mu'allim, ka bar ɗakina ya zama na ƙarshe. Uwata a ciki ta cika."

Haka na yi. Yana zaune gindin dabino har muka kai kan ɗakin nasa, sannan ya tashi ya kama hanyar Makka da ƙafa. Na neme shi daga baya, ban same shi ba.

Ku yaran yanzu, in kun je tsohon gini, ku fara tambayar wanda ke kwana a ciki. Ni ban tambaya ba, an ma gaya mini na ƙi ji, kuma wani ne ya rasa makwanci.