Malam Maiwada da Igiyar Babana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha biyu ga watan Maris na 1981, Allah Ya karɓi ran Malam Maiwada Morai, malamin lissafi a jami'a, bayan jinyar kwana tara. Ina tsugune cikin tumatir a gonar ban-ruwa ta bayan Talata Mafara da hantsi, sai ga Jibo, ɗalibinshi, ya jingine babur bakin kwalbati. Bai yi min sallama ba. Ya ce, "Ɗanlami, Malam ya rasu." Na ce wane Malam, alhali Malam guda gare mu.

Ni ba ɗalibinka ba ne, Malam. Aji uku na yi na bari. Amma tun da anka yi sadakar uku nake jin in ban faɗi abin da ka yi min ba, ba wanda zai faɗa, don mu uku kaɗai munka san shi, kuma yanzu saura biyu.

Ƙauyenmu Tungar Gawo, ta ƙasar Maradun, tana cikin ruwan dam. Da ruwa ya taso kowa ya kama gabanshi. Yayata Taibatu tana aure Gidan Goga, ni na taho Mafara neman aiki, garin da ban san kowa ba. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai in hau mota in je bakin ruwa in tsaya. Babana yana ƙarƙashin ruwan nan, shekara guda kafin a tashe mu munka binne shi. In na ɗaga hannu zan yi mai addu'a sai in rasa inda zan duba, ko'ina ruwa iri ɗaya. Ba wani abu nake nema ba, in san wurin kawai.

Nan ka same ni. Kun zo da Jibo cikin tsohuwar motarka Fijo mai ƙofar da sai an ɗaure ta da waya. Jibo ɗan Bakura ne, yana shekarar ƙarshe, kuma ashe a jami'a ba a sallamar ɗalibi sai ya ɗauki tambaya guda ya bi ta da kanshi har ƙarshe, malami yana dubawa. Tashi tambayar a kan faɗin ruwan dam ce. Ka gaishe ni gaisuwa mai tsawo, har gajiya da mutanen gida, kamar ni wani ne. Sannan ka ce, "Samari, mi kake nema cikin ruwa ba ka da koma ba ka da fatsa?" Na faɗa maka. Ka juya ka ce, "Jibo, aje waccan. Ga tambayarka nan tsaye da ƙafafunta."

Babana shi ne mai awon gonaki a ƙauyenmu, Abdu Dogo. Igiyarshi kamu hamsin ce, kowane kamu da ƙulli. Shekarar da anka fitar da burtalin shanu ni na riƙe mai bakin igiya, kuma ban manta ba: daga kukar kan tudu zuwa ƙofar makabarta igiya talatin da huɗu, daga Dutsen Kura igiya arba'in da ɗaya. Kabarinshi yana nan dab da ƙofar. Kuka da dutse duk ruwa bai ci su ba, ana hangen su. Jibo ya ce ai wanga aiki na kwana biyu ne. Zai zana da'ira kewaye da kuka, wata kewaye da dutse a kan taswira, inda sunka gamu nan ne wurin.

Sai sunka ƙi gamuwa. Ya zana, ya goge, ya sake, tsakaninsu da fili. Wata uku ana abu ɗaya. Ran nan a ƙarƙashin kukar ya jefar da fensir ya ce, "Malam, wanga ɗan ƙauye ya manta ne, ko ko shirya lambobin ya yi don mu ji daɗi." Ni kuma na ce in boko ne ya kasa a daina ɗora wa babana. Ka bari munka gama, sannan ka ce, "Jibo, in lissafinka da maganar mutum sunka saɓa, kada ka fara da jefar da mutumin. Akwai abin da ka ɗauka gaskiya ne ba ka tambaya ba. Je ka nemo shi." Jibo ya ce wanne? Ka ce, "Da aikina ne da na faɗa." Ka ɓare gyaɗa ka miƙa muna.

Sau ɗaya ka taɓa zuwa ɗakina, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni Juma'a biyu ba ku gan ni ba. Ban san yadda ka gano lungun ba. Ka zo da kwanon fura daga gidanka, ka zauna kan tabarmata da babbar rigarka. Tun da na zo Mafara kai ne mutum na farko da ya shigo ɗakin nan ya zauna. Igiyar babana tana rataye, a kanta nake shanya riga, don ita kaɗai na fito da ita daga gida. Na ga ka tashi ka ɗora gwiwar hannunka kan ƙulli guda, ka miƙe yatsu wajen na gaba, ka yi murmushi. Na ce, "Allah gafarta Malam, ka gane wani abu ko?" Ka ce e. Na ce to ka faɗa mana, don Allah, babana ne fa. Ka ce, "Ɗanlami, in na faɗa, kun samu kabari ɗaya. In Jibo ya gano da kanshi, ƙauye nawa ke cikin ruwan nan? Yi min haƙuri kaɗan."

Gaskiya na ji haushinka ran nan, Malam. Na ce a raina mutanen boko ba su san zafin abu ba. Ban raka ka bakin mota ba. Ban sake ganinka ba sai a makara. Wanga abu shi ke cina, ka yafe min.

Bayan rasuwarka Jibo ya ce ya bar aikin, ko da za a hana shi takardar gama jami'a. Ran sadakar bakwai munka je Morai, sai maiɗakinka, Inna Gimbiya, ta aiko muna da wata jakar takardu. Ta ce kana kwance kana dubawa, har ta ƙwace biron ka sa anka maido maka. Aikin Jibo ne. Ba ka gyara komai ba tun daga farko har ƙarshe. Sai wuri ɗaya, inda ya rubuta cewa kamu inci goma sha takwas ne kamar yadda yake a littafi, ka ja jan layi, ka rubuta a gefe: "Na wa?"

Jibo ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ɗanlami, babanka dogo ne?" Na ce sai ya duƙa yake shiga zaure. Ya ce, "Ina igiyar?" Na ce tana ɗakina da riga a kanta. Ya dafe kai ya ce wata uku yana cikin ɗakin karatu, amsar tana shanya riga. Munka auna ƙulli zuwa ƙulli, inci ashirin da ɗaya. Babana da hannunshi ya ƙulla ta, ba da hannun littafi ba. Jibo ya sake zanawa a kan tabarmata, da'irorin sunka shiga juna, sunka gamu wuri biyu. Ɗaya ya faɗa kan tudu inda ban taɓa sanin kabari ba, ɗaya cikin ruwa.

Juma'ar da ta wuce wani masunci, Bappa, ya ɗauke mu a kwalekwale. Jibo yana riƙe da kamfas, yana duban kuka yana duban dutse, yana cewa dama kaɗan, gaba kaɗan. Can ya ce, "Tsaya. Nan ne." Na duba. Ruwa ne kamar ko'ina, ba alamar komai. Amma da na ɗaga kai na ga kuka da dutse sun tsaya min daidai yadda nake ganin su ranar da munka kai babana. Na sa hannu cikin ruwan na yi mai sallama. Na yi mai Ƙulhuwallahu goma sha ɗaya, na yi maka goma sha ɗaya. Jibo ya juya baya yana share fuska, Bappa ya ce rana ce ke damun ɗan boko.

Wani malami zai duba aikin yanzu. Jibo ya nuna min shafin da ya rubuta sunan babana da tsawon kamunshi, kuma tuni wata tsohuwa daga wani ƙauyen ta aiko tana tambayar ko za a nemo mata nata. In ya gama zai tafi bautar ƙasa, ban san inda za a kai shi ba. Ni ina nan Mafara. Gobe Juma'a zan je bakin ruwa, na san inda zan duba yanzu, sai dai har yau in na ji ƙarar mota a kan hanyar nan sai na waiwaya.

Allah Ya jiƙanka, Malam Maiwada, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka koyar ya bi ka da lada. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Gimbiya da 'ya'yanka, da mutanen Morai, da ɗalibanka da na sani da waɗanda ban sani ba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen, Ya gama ka da babana a inda ba sai an yi awo ake samun juna ba. Amin.

Ɗanlami Abdu Dogo, Talata Mafara