Kyari da Gidan Dabo

Kyari magini ne kafin ya zama mai duba gida. Kakansa ne ya zo Kano daga Barno tare da fatake, ya zauna a Fagge, a nan aka haifi mahaifinsa, shi ma a nan. Ya daɗe yana jera azara yana rufa soraye, har wata damina tsani ya zame da shi, ƙugunsa ya goce. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar hagu ba ta sake yarda da hawa sama ba.

A farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin kuɗin gyaɗa ya cika gari, baƙi suna ta sauka daga jirgin ƙasa suna neman muhalli a Fagge da Sabon Gari. Wanda bai san ginin ƙasa ba sai ya ga sabon yaɓe ya yaba, damina ɗaya rufi ya rufto masa. Sai mutane suka fara cewa, "Kafin ka saya, kira Kyari ya duba maka."

Kayan aikinsa doguwar sanda ce mai ƙarfe a baki. Da ita yake ƙwanƙwasa azara daga ƙasa, ya kasa kunne ya ji ko gara ta cinye cikinta. Ya tsuguna da ƙyar ya taɓa gindin katanga ko da danshi. Ya duba indararo, ya ga inda ruwan maƙwabta yake bi, ya auna da ido tsakanin rijiya da masai. In ya gama sai ya faɗi abin da ya gani a gaban mai saye da mai sayarwa, ba ƙari ba ragi.

Aikin bai tara masa mutane ba. Mai saye yakan yi godiya ya shige gidansa, shi ke nan. Mai sayarwa kuwa ba ya mantawa. Dillalai in sun hango shi sai su tsuke baki, a majalisa ma hira takan mutu in ya iso. Matarsa Falmata ta rasu, 'yarsa Bintu tana aure a Nguru. Ɗaki ɗaya ya rage wa kansa a gidan, sauran ya zuba 'yan haya waɗanda ba ya jin yarensu.

Mutum ɗaya yake da shi, Dabo mai goro, Bafillacen da yake kasa kaya a bakin tashar jirgi. Kullum bayan magariba Kyari yakan ɗingisa zuwa zauren Dabo su ci tuwo tare.

"Ga bawana ya iso," in ji Dabo. "Babarbare dai ba ya makara a kan akushi."

"Yi shiru, ɗan Fillo. Ba don mu ba, da har yau kuna kwana a bukka."

Haka suke tun suna samari.

Wata ranar Laraba wata Bayarabiya mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari ta yi sallama a ƙofarsa. Iya Sherifat ake ce mata. Mijinta ya rasu, tana so ta bar haya ta koma Fagge da 'ya'yanta, kusa da masallaci.

"Baba, an nuna mini gida, ina so ka duba. Duk abin da na tara a duniya shi zan zuba."

Ya ɗauki sandarsa ya bi ta, ita da yaranta. Suna karya kwanar lungun ya gane gidan Dabo za su. Dabo bai taɓa faɗa masa zai sayar ba. Yana tsaye a ƙofar zaure tare da dillali, da ya ga Kyari sai ya yi dariya, amma dariyar yaƙe ce.

"Ashe bawana aka ɗauko. Ɗana ya matsa in koma wurinsa Gusau, ƙarfi ya ƙare. Da ma yau nake cewa zan gaya maka."

Kyari ya shiga. Zaure lafiya lau, ya san shi kamar tafin hannunsa. Rijiya ma ba laifi. Amma ɗakunan ciki bai taɓa shiga ba, sai yau da matan gida suka koma maƙwabta. A babban ɗakin ya ɗaga sanda ya bugi azara, ta amsa kamar ganga. Ya bugi ta biyu, gari ya zubo masa a kafaɗa. An yi sabon yaɓe a katangar gabas, ya sa farce ya ɓantare kaɗan, sai ga tsaga wadda yatsa zai shiga.

Ya daɗe a ɗakin shi kaɗai. Ya zauna a bakin gadon ƙasa, yana jin muryar Dabo a tsakar gida yana nuna wa yaran matar bishiyar lemo.

Da ya fito Iya Sherifat ta ce, "Baba, yaya?"

"Iya, zaure da ɗakin kudu babu abin da ya same su. Babban ɗaki kuwa gara ta gama da shi, katangar gabas ta tsage. Kada yaro ya kwana a ciki da damina sai an sauke rufin an sake."

Dillali ya fara surutu, Dabo ya ɗaga masa hannu. Ya dubi Kyari, ya ce a hankali, "Mun gode, Malam Kyari. Allah ya saka."

Tunda suke bai taɓa ce masa Malam ba.

Da magariba Kyari ya tafi zauren kamar kullum. Matar Dabo ta yi magana daga bayan ƙofa, ta ce mai gida ba ya jin daɗi, ya kwanta. Washegari ma haka. Daga nan sai ya riƙa sayen tuwo wurin wata mai abinci a bakin titi, ya kai ɗaki ya ci shi kaɗai.

Iya Sherifat ta sayi gidan bayan an rage mata farashi. Ranar da Dabo zai tashi, a bakin mai abincin Kyari ya ji labari. Ya kama hanyar tasha, amma ƙafar ba ta sauri. Yana gaban kantunan Larabawan da ake kira Kwara ya ji kukan jirgi. Ya ƙarasa duk da haka, ya tsaya a inda Dabo yake kasa goro, ya tarar har wani ya shimfiɗa buhu yana sayar da rake.

Da rani Iya Sherifat ta ɗauki magina, ta roƙe shi ya riƙa zama yana lura da aikin. Ya zaɓo azara mai kyau da kansa, ya tsaya aka rushe katangar aka tayar da sabuwa. In rana ta take sai ta aiko masa da abinci zauren. Yakan ci kaɗan ya rufe.

Sau ɗaya ya ba wani fatken goro saƙon gaisuwa zuwa Gusau. Bayan watanni mutumin ya dawo.

"Na same shi, Baba. Ya ce yana amsawa."

"Bai ce komai ba kuma?"

"Iyakar abin da ya ce ke nan."

Kyari ya ci gaba da duba gidaje har ido ya fara yi masa hazo, kunne ya yi nauyi. Da Bintu ta ji, ta zo da kanta ta ce ba za ta koma ba sai da shi. Ya yi gardama kwana biyu, sannan ya haƙura. Iya Sherifat kaɗai ta raka su tasha, ta miƙa wa Bintu ƙunshin soyayyen nama da turmin atamfa, ta durƙusa ta ce, "Baba, a yafe mu." Ya ce ba ta yi masa komai ba sai alheri.

A Nguru ya rasu, daminar da ta biyo baya.