Mahaucin da Ke Ɓoye Wuƙa

A bayan kasuwa nake kallon wani mahauci, dattijo mai karyayyen yatsa, rigarsa duk tabon jini. Yana ba akuya ruwa kafin ya kayar da ita. Ya juya 'yar'uwarta ta fuskanci bango, wuƙar kuwa tana ɓoye a bayansa.

Ƙanena yakan ce tausayi dabarar tsira ce kawai da muka gada: ka kyautata wa wanda zai saka maka. To, da me akuyar nan za ta saka masa?

Mai akuyar ya ƙosa. "Baba, yi sauri mana, ai duk yanka ta za ka yi!"

Dattijon bai ɗago ba, yana shafa wuyanta. "Na sani, ɗana. Ita ce ba ta sani ba."