Ɗurin Zabo, Harbin Dila

Jiya da rana, ina shan farfesun zabon da aka aiko mini daga Gubuchi, haƙorina ya ci karo da wani abu mai tauri. Na tofo shi a tafin hannu. Ƙwayar darma ce, ba ta fi ƙwayar dawa ba. Matata ta yi dariya, ta ce in gode wa Allah da har yanzu akwai sauran haƙoran da za su ji ta. Ni kuwa abincin ya fita raina. Na wanke ƙwayar, na shiga ɗaki, na buɗe wani ɗan gwangwani da ya bi ni ƙasashe da yawa, na ajiye ta kusa da 'yan'uwanta uku. Waɗannan ukun sun fi shekara sittin a hannuna.

A wani ƙauye na tashi tsakanin Makarfi da Gubuchi. Gidanmu ne na ƙarshe ta gabas: daga danga sai gonar dawa, daga gona sai fadamar rake. Kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, maharbi ne. Bindigar toka gare shi, doguwa, irin wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, a danna da sanda. Da kansa yake zuba harsashinsa. Sai ya narkar da darma a kasko, ya tsiyaye ta cikin gwangwani mai huda, tana ɗiga a ruwan ƙwarya tana cuwi-cuwi. Kowace ƙwaya takan fito da ɗan wutsiya, don haka ko a duhun ɗaki yana gane nasa.

Jaka biyu gare shi. Ɗaya ta ƙananan ƙwayoyi, ɗurin zabo ke nan, na zabon daji da fakara da zomo da kurege. Yana bazuwa kamar an watsa iri, ba ya ɓata nama, amma da ya wuce taku talatin ƙarfinsa ya ƙare. Ɗaya jakar kuwa ta dunƙule ce, guda ɗaya kamar gurjiya, ta dila da kura. In ka harbi zomo da ita sai ka tsinci gashi kawai, ita kuma ta wuce ta nemi abin da ke bayansa, ko saniyar wani ce, ko mai tsinkar ganye.

Ka sani, mai karatu, irin wannan bindiga in an ɗura ta an gama magana, ba a sake shawara a daji. Shi ya sa Baba Tsoho yake da al'ada. Bayan bisimilla, kafin ya danna ɗuri, sai ya kira sunan dabbar da ƙarfi. Bindigar da aka ɗura da sunan zabo ba ta tashi a kan kowa sai zabo da ire-irensa. In ya dawo bai samu ba, sai ya harba ta cikin surin da ke bayan gida kafin ya shigo.

Ina shekara goma sha huɗu idonsa ya fara hazo, ya soma ba ni bindigar. Kullum da tsokana yake miƙo ta, irin ta kaka da jika. "Kai, raggo, yau da sunan wa?" In ce zabo. Ya ce to, in gaida masa zabin, ya san lafiya lau za su kwana.

A ranin shekarar wani dila ya dame mu. Ya ɗauke wa Inna, mahaifiyarmu, 'yan raguna biyu, kaji kuwa ba a magana. Lokacin matsar rake ne, doki na zagaya injin, ƙamshin mazarƙwaila ya cika fadama. Wata safiya na fita da ɗurin zabo, sai ga dilan a ƙetaren rafi, yana tsaye yana kallona. Ya kai taku hamsin. Na san abin da ke cikin bindigar, da bakina na kira sunan. Amma sai na ga kaina ina shiga gari da dila a kafaɗa, Baba Tsoho ya rasa bakin cewa raggo. Na ja kunama.

Da hayaƙi ya washe na ji kuka kamar na jariri. Dilan ya yi birgima, ya tashi yana goga fuska a ƙasa, ya shige rake. Na ƙetara na tarar da ɗigon jini kaɗan. A gida na ce zabo na harba na kuskure. Baba Tsoho ya yi dariya, ya ce gobe in ɗauki taɓarya in taya mata daka.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, maza duk suna fadama. Ƙanwata, autar Inna, 'yar shekara shida, tana zaune a gindin danga tana gadin barkonon da aka shanya. Dilan ya kutso ta ƙasan danga, ya rame, yawu na dalala, ya nufi kaza mai 'yan tsaki. Yarinya ta ɗauki kara ta buga masa. Ya kama hannunta na dama, bai saki ba sai da Inna ta sauke masa taɓarya a gadon baya, sannan ya tsere.

Dattawa suka taru, bakinsu ya zo ɗaya: dilan da ya shigo gida da rana tsaka yana dalalar da yawu, haukan kare ke gare shi. Aka tuna wani mutum can wajen Ɗandamisa da ya mutu yana gudun ruwa. Mahaifinmu ya goya ta a keke zuwa bakin titi, suka hau babbar mota zuwa Zariya, aka yi mako biyu ana soka mata allura kewaye da cibiya. Da suka dawo aka ce a jira kwana arba'in. Kowace safiya Inna sai ta ɗebo ruwa a ludayi ta kai mata baki, tana duba ko yarinyar za ta kauda kai. Ni ina tsaye ina kallo. Na san abin da ya sa yawun nan yake zuba. Allurar dai dole a yi ta ko da na yi magana, wannan na gane daga baya. Amma ludayin nan, da na buɗe baki, da na rage mata nauyinsa.

Baba Tsoho, da hazon idonsa, ya ɗura dunƙule, ya kira sunan dila, ya fita da karensa. Kwana na uku ya same shi kwance a cikin rake, ko gudu bai iya ba. Ya ƙarasa shi, ya jawo shi bayan rumbu, ya aika a kira ni ni kaɗai. Muƙamuƙin dilan ya kumbura ya ruɓe, ido ɗaya ya tsiyaye. Ya sa tsinin wuƙa yana tono, yana murza abin da ya fito tsakanin yatsu.

"Buɗe hannunka."

Ya zuba mini ƙwaya uku, kowace da ɗan wutsiyarta.

"Ran nan da sunan wa ka ɗura?"

Na ce zabo. Ya ce wa na harba? Na dunƙule ƙwayoyin a hannuna.

"Dila mai lafiya yana tsoron mutum," in ji shi. "Kai ka cire masa tsoron, ka bar masa yunwa."

Na roƙe shi kada ya faɗa. Ya ce ba shi ya harba ba, don haka ba shi zai faɗa ba. Ya dai gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, dilan ba mahaukaci ba ne. Da yake bai kawo dalili ba, ta ɗauka lallashi ne, ta ci gaba da ludayinta har arba'in ta cika. Ƙanwata ta rayu, amma yatsunta biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Baba Tsoho bai taɓa ni ba, bai zage ni ba. Ya daina ce mini raggo, shi ke nan. Har ya koma ga Allah, gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Daga baya aikin gona ya kai ni wurare. A wata ƙasa mai sanyi na sauka gidan wani manomi da zomaye da yanyawar ƙasarsu suka addaba. Ƙananan bindigogi gare shi, irin waɗanda ake bugun harsashinsu a gefen gindi. Ya jera mini harsashi iri uku a tebur, duk ba su kai ɗan yatsa ba: lamba ashirin da biyu na zomo a kusa, wani mai lamba iri ɗaya da shi amma ya fi tsawo da albarushi, na yanyawa, da wani siriri mai saurin gaske da iska ke karkatarwa. Na tambaye shi wanne ya fi. Ya ce in fara gaya masa me zan harba, daga ina, kuma me ke bayansa. Da yarensa ya faɗa, amma muryar Baba Tsoho na ji.

Yau babu dila a fadamarmu, dajin ma ya zama gonar tumatir. Bindigogi kuwa sun fi da yawa, kuma ba don zabo ake ajiye su ba. Watan jiya a Kudan, jikan ƙanwata, wanda ke cikin masu gadin unguwarsu, ya nuna mini hotuna a waya, ya ce, "Alhaji, kai da ka zaga duniya, wane harsashi ne ke yin komai da komai?" Na ce babu shi, kuma duk wanda ya ɗura bai kira suna ba, shi ne abin tsoro. Ya yi dariya, ya ce zancen tsofaffi.

Kakarsa tana gefe tana zuba mana kunu da hannun hagu. Ta ce, "Yaya, ba shi labarin mahaukacin dilan nan mana, ya san daji ba wasa ba ne."

Inna ta rasu ba ta sani ba. Ita ma autarta ta tsufa a kan haka. Na dubi yatsun nan biyu a miƙe a gefen kwano, na ce mata dilan nan ba mahaukaci ba ne. Ta ce ai haka Baba Tsoho ya riƙa faɗa. Na buɗe baki in ƙarasa, sai na karɓi kunun na sha.